Yadda Za Ka Fahimci "In the Red" Ka Kuma Yi Amfani da Shi Daidai

A cikin salon maganar Turanci masu ɗauke da launi, babu wanda aka fi yi mini tambaya a kansa kamar "in the red". Masu shirin WAEC da JAMB suna cin karo da shi a sashen da ake ba da jimla a ce a zaɓi ma'anarta. Ma'aikata suna jin sa a bakin akanta ranar taron ƙarshen wata. 'Yan kasuwa kuma suna ganin sa a kanun jaridu, inda za a ce kasuwar hannun jari ta Legas ta tashi "in the red". Kowa ya san "red" ja ne. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne me ya haɗa ja da kuɗi, kuma a wane wuri ake faɗin sa a yi daidai.

Amsar a dunƙule ita ce: lissafi ya gangara ƙasa da sifili, abin da ya fita ya fi abin da ya shigo. Masu riƙe littafin kuɗi sun saba rubuta asara da jan tawada, sauran lambobi kuma da baƙi, to daga nan furucin ya fito. Amma sanin wannan kaɗai ba zai hana ka yin kuskure ba ranar da za ka sa shi a jimla. Ga matakan nan, ka bi su yadda suke a jere, musamman na uku, wanda shi ne mutane suka fi tsallakewa.

1. Tanadi kayan aiki

Littafin rubutu ɗaya, biro biyu, ja da baƙi, sai waya mai intanet. Wannan aiki ba ya cin kuɗi. Ƙamus ɗin Oxford na masu koyo, da na Cambridge, da na Longman, duk ana buɗe su kyauta a shafukansu na intanet, kuma tunda rubutu ne zalla ba sa shan data. Bugaggen ƙamus yana da tsada yanzu, amma in akwai tsoho a gida ko a laburaren makaranta ya wadatar, domin furucin ya daɗe a cikin harshen, ba sabon yayi ba ne.

Gargaɗi: kada ka fara da manhajar fassara. Tana iya ba ka "a cikin ja", ka tashi ba ka ƙaru da komai ba. Ƙamus ne ke ba da ma'ana haɗe da misali, kuma misalin ne abin da kake nema.

2. Nemo shi a ƙamus ta hanyar da ta dace

Kada ka nemi "in", kada ka nemi "the". Nemi "red". Za ka tarar kalmar ta zo gida biyu, a matsayin sifa da kuma a matsayin suna. Shiga na suna, ka gangara ƙasa inda aka jera salon magana. A nan za ka same shi, kusa da "see red".

Kwafi abu uku a littafinka: ma'anar, misalin da aka bayar, da alamar da aka liƙa masa in akwai. Oxford ya sa masa alamar "informal", wato magana ce ta hira da jarida, ba ta takardar hukuma ba. Riƙe wannan, za mu dawo kansa a mataki na tara.

Ka duba ƙamus biyu, ba ɗaya ba. Za ka lura wani ya fi karkata ga asusun banki, wato mutum ya ciri fiye da abin da yake da shi har banki na bin sa. Wani kuma ya fi karkata ga kamfani mai kashe abin da ya fi samunsa. Duka biyun daidai ne. Wanda ya tsaya a kan ɗaya zai rikice ranar da ya haɗu da ɗayan.

3. Yi lissafin da hannunka

A nan nake son mu daɗe, domin na tabbata wanda bai taɓa fitar da lambar da kansa ba, haddar furucin kawai ya yi. Ɗauki shafi, ka raba shi biyu: shiga a dama, fita a hagu. Ga misalin shagon ɗinki na wata ɗaya, lambobin na ƙirƙira su ne don koyo kawai.

Shiga: kuɗin ɗinki N380,000, cinikin yadi N70,000. Jimla N450,000.

Fita: rabon haya na wata N40,000, tunda hayar shekara N480,000 ce, fetur na janareta da kuɗin wuta N130,000, zare da shafi da botura N90,000, sallamar yaran shago N180,000, gyaran keke N80,000. Jimla N520,000.

Ɗebe fita daga shiga. Abin da ya rage shi ne N70,000 ƙasa da sifili. Ajiye baƙin biro, ɗauki ja, ka rubuta wannan lamba. Shagon nan a wannan wata "in the red" yake, da N70,000. Da a ce keken bai lalace ba, fita za ta tsaya a N440,000, a sami rarar N10,000, a rubuta da baƙi, shagon ya zama "in the black".

Wanda ya taɓa karɓar sakamakon jarrabawa a makaranta ya ga darasin da ya faɗi an rubuta makinsa da jan biro, ya riga ya san wannan al'ada. Ja alama ce ta cewa ba a kai layi ba.

In kana aiki da manhajar lissafi ta Excel, zaɓi ɗakunan lambobin, ka shiga "Format Cells", ka zaɓi "Number", za ka ga jerin hanyoyin nuna lambar da ke ƙasa da sifili, ciki har da ja. Su kuwa akantoci a rahoton da ake bugawa da baƙar tawada zalla, sukan sa lambar asara a cikin baka biyu, kamar haka: (70,000). Duk inda ka ga wannan a rahoton kuɗi, ja ke nan ko da idonka bai ga launi ba.

Gargaɗi na farko: kuɗin da ke cikin aljihun tebur ba shi ne riba ba. Ana saura mako uku Sallah, tela zai iya samun aljihun teburinsa cike da kuɗin kafin alƙalami na ɗinkin da bai ma yanka ba. Wannan kuɗi amana ce har sai an yi aikin. Shagon na iya zama "in the red" alhali maigida na ƙirga damin kuɗi. Haka kuma ana iya samun akasi: ya yi ɗinki mai yawa, riba ta fito a lissafi, amma masu kaya ba su biya ba tukuna, aljihunsa wayam. Wannan mutum ba "in the red" yake ba, ƙarancin kuɗin hannu ne ke damun sa.

Gargaɗi na biyu: lissafin yana da iyakar lokaci. Shago na iya faɗuwa a watan Agusta, ya ci riba a shekara gaba ɗaya. Don haka duk lokacin da ka ji furucin, ka tambayi kanka: na wane tsawon lokaci? Wata ne, wata uku ne, ko shekara?

4. Koyi ginin jimlar

Kalma uku ne, kuma ba a taɓa ko ɗaya. Kuskuren da ya fi yawa a wurinmu shi ne yar da "the". Dalili a fili yake: Hausa ba ta da wata kalma mai zaman kanta da ake sawa a gaban suna don wannan aiki, sai harshe ya tsallake ta ba tare da an ankara ba. To amma "in red" magana ce daban. "The woman in red" mace ce sanye da jajayen kaya. "Write it in red" kuma umarni ne a rubuta da jan biro. Idan ka rubuta "the company is in red", mai karatu zai gane abin da kake nufi, amma mai duba jarrabawa zai ja maka layi, kuma a wasiƙar neman aiki zai rage maka kwarjini.

Haka nan ba a cewa "on the red", ko "inside the red", ko "in a red". A rubuce kuma ka kula da "read" na abin da ya wuce, domin furucinsa ɗaya da "red", kuma wayoyi kan musanya su da kansu.

Sai aikatau ɗin da ke tafiya da shi. Rubuta su a littafinka kashi uku:

Zama a ciki: "is in the red", "remained in the red", "stayed in the red".

Faɗawa ciki: a nan "in" yana komawa "into". "Went into the red", "slipped into the red", "fell into the red". In wani abu ne ya jefa kamfanin, sai a ce "pushed the company into the red". "Slipped" yana nuna an zame a hankali, "plunged" kuma an rufta ne gaba ɗaya.

Fitowa: "got out of the red", "climbed out of the red".

Idan za ka faɗi adadi, shi ke zuwa gaba: "The shop is N70,000 in the red." Wannan ne ginin da kunne ya fi sabawa da shi. In asarar ta yi zurfi, a ce "deep in the red". In tana ƙara zurfi, "further into the red". Ba a cewa "very in the red", ba a kuma cewa "redder".

Wajen furuci, nauyi yana kan "red". Kalmar "the" gajeruwa ce, ana sa kan harshe tsakanin haƙora a wuce da sauri. Mu da yawa muna mai da ita "za" ko "da". Ba zai hana a fahimce ka ba, amma in kana shirin jarrabawar baka, shafin YouGlish zai jero maka gutsattsarin bidiyon mutane suna faɗin furucin. Shi kam yana shan data, ka saurari biyar ko shida ka rufe.

5. Tantance fagen da aka yi maganar

Kafin ka yanke ma'ana, dubi abin da aka ce yana cikin jan.

In kamfani ne, ko shago, ko makaranta mai zaman kanta, ko asibiti, ko ƙungiyar ƙwallo, to asara ake nufi. Wannan shi ne lissafin da muka yi a sama.

In asusun banki ne, mai asusun ya ciri fiye da abin da ya ajiye, banki na bin sa. A Ingila wannan ma'ana ce ta fi yawa a bakin mutane, domin bankuna da yawa a can suna ba mai asusu damar wuce sifili zuwa wani adadi da aka amince. A nan gida asusun ajiya na yau da kullum ba ya barin ka ciri abin da babu, sai dai asusun kasuwanci da aka yi yarjejeniya a kansa. Saboda haka wanda ya duba ya ga saura N200 a asusunsa bai shiga ja ba tukuna. Yana bakin layi ne, amma a sama. Wanda ya ari katin waya ya cinye, yana jiran a cire ranar da ya sa sabo, shi ne ya fi kusa da ma'anar.

Gargaɗi: "DR" da kake gani a saƙon banki duk lokacin da ka tura kuɗi ko ka cira, yana nufin an ɗebi kuɗi daga asusun ne kawai. Sai in a jikin ragowar kuɗin aka sa "DR" ko alamar ɗebewa, sannan ne asusun ya faɗa ja.

In kasuwar hannun jari ce, ma'anar ta ɗan sauya, kuma a nan ne masu fassara labarai suka fi zamewa. Idan jarida ta ce kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX, "closed in the red", tana nufin ma'aunin farashin hannayen jari ya ƙare ranar ƙasa da inda ya tsaya jiya. Ba ta ce kamfanonin sun yi asara a cinikinsu ba. Kamfani na iya cin riba mai kauri, amma farashin hannun jarinsa ya sauka a ranar. Allunan kasuwa suna nuna sauka da ja, hawa da kore, shi ya sa kishiyarsa a wannan fage galibi "in the green" ce. Matasanmu masu harkar kirifto sun san wannan sarai daga jajayen sanduna da korayen da suke kwana suna kallo. Abin lura ɗaya: a allunan kasuwannin Sin da Koriya ta Kudu ja ne ke nuna hawa. Duk da haka, jaridar Turanci in ta ce kasuwar Shanghai tana "in the red", sauka take nufi, domin furucin bai bi allon ba.

In gwamnati ce, giɓin kasafi ake nufi: abin da za a kashe ya zarce kuɗin shiga.

Akwai kuma fagen da ba na kuɗi ba sam. Makanike ko direba na iya cewa "the needle is in the red", yana nufin allurar zafin inji ko ta mai ta shiga jan yankin da ke jikin agogon. Mai haɗa sauti a situdiyo ma haka zai ce in ƙara ta wuce kima. Wannan jan na zahiri ne, ido na ganin sa.

6. Haɗa shi da "in the black"

Ba a koyon ɗaya a bar ɗaya, kuma a ganina wannan na biyun ya fi na farkon haɗari ga Bahaushe. A harshenmu baƙi ya fi zuwa da abin ƙi: baƙin ciki, baƙin jini, baƙar magana, baƙar wahala. A Turancin ma akwai "black market" da "blacklist". Saboda haka ɗalibi na ganin "the firm is in the black" sai zuciyarsa ta ba shi cewa kamfanin ya shiga uku. Alhali albishir ne. Riba ake ci, ko aƙalla ba a bin asusun bashi. Baƙin nan na tawada ne kawai, tawadar da ake rubuta lambar da ba ta da matsala.

Ginin jimlarsa iri ɗaya ne da na ɗan'uwansa, sai dai ya fi son kalmar "back": "The airline is back in the black", wato kamfanin jirgin ya farfaɗo bayan wani lokaci yana asara. Rubuta jimlolin biyu a layi ɗaya a littafinka, ɗaya da jan biro ɗaya da baƙi, ido zai riƙe.

Za ka ji ana cewa "Black Friday", ranar rangwamen da ke biyo bayan bikin godiya na Amurka a watan Nuwamba, wadda shagunan intanet irin su Jumia suka kawo mana, ta sami sunanta ne don a ranar shaguna ke komawa cin riba. Wannan bayani daga baya aka liƙa shi. 'Yan sandan birnin Philadelphia sun riga sun yi amfani da sunan a farkon shekarun 1960 saboda cunkoson da ranar ke jawo musu. Kada ka kafa hujja da shi.

Ga 'yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi karatu da Faransanci: "être dans le rouge" daidai yake da "be in the red", wannan ba zai ba ku wuya ba. Amma kada ku juya "in the black" zuwa "noir". A Faransanci kishiyar ja a lissafi kore ce, "dans le vert", kuma "travailler au noir" aiki ne na ɓoye wanda ba a biyan haraji a kansa.

7. Raba shi da masu kama da shi

Kashi na farko, kalmomin kuɗi. "Broke" mutum ne da aljihunsa ya bushe a yanzu, ko da ba a bin sa ko sisi. "In debt" ana bin sa bashi, amma kamfani na iya ɗauke da bashin banki yana biya a kan kari yana kuma cin riba, don haka ba kowane mai bashi ne ke cikin ja ba. "Bankrupt" kuwa karyewa ce, an kai inda ba za a iya biyan masu bin bashi ba, har doka ta shigo. Kamfani na iya shekaru yana asara bai karye ba, muddin masu shi na ƙara zuba jari. Kada ka ce wa ɗan kasuwa "bankrupt" alhali "in the red" kake nufi. Wannan kalma tana da nauyi, tana iya ɓata suna, har ta kai mutum gaban alƙali. Akwai kuma "break even", inda shiga da fita suka yi daidai, kuɗi ya dawo ba riba ba asara.

Kashi na biyu, masu ja a jiki amma ba ruwansu da lissafi. "See red" hasala ce, ran mutum ya ɓaci har idonsa ya rufe. "Red tape" dogon turancin ofis ne, a kai takarda wannan tebur a ce sai wancan. "Red flag" alamar da ke nuna akwai matsala a gaba. "Caught red-handed" an kama mutum dumu-dumu yana cikin aikata laifi. Masu shirya jarrabawa sun san ɗalibai na cakuɗa su, da su suke gina zaɓin ƙarya.

Sai "e don red" na Burokan, wanda ake ji a tasha da kasuwa da waƙoƙi, ma'ana al'amari ya ɓaci. Za ka ji har ana cewa "my account don red" don nuna ba ko kwabo. A hira da abokai ba laifi. Amma shi ne ke jan mutane su rubuta "my account is red" a takarda, kuma wannan ba daidaitaccen Turanci ba ne.

8. Fassara ma'ana zuwa Hausa

Ga mai aikin jarida ko rediyo ko tafinta, ƙa'idar ita ce a bar launin a can. Mai sauraro a Kurmi ko Kantin Kwari ba ya buƙatar jin ja, yana da kalmominsa da suka fi kaifi. Fagen da ka tantance a mataki na biyar shi zai zaɓa maka kalma.

"The company has been in the red for two years": shekara biyu ke nan kamfanin yana tafka asara.

"My account is N15,000 in the red": na ciri fiye da abin da ke asusuna, banki na bi na N15,000.

"The budget is in the red": kasafin yana da giɓi.

"The market closed in the red": farashin hannayen jari ya sauka a yau.

"We are back in the black": mun farfaɗo, mun koma cin riba.

In daga Hausa za ka koma Turanci, auna nauyin maganar tukuna. "An faɗi a wannan wata" ya dace da "in the red". "An fara cin uwar kuɗi" ya ɗara shi, "eating into capital" ne. "Ba uwa ba riba" kuma ya wuce nan, komai ya tafi, sai a ce "lost everything". Wanda ya mai da "ba uwa ba riba" zuwa "in the red" ya rage wa maganar zafi, ya sa mai karatu zaton ƙaramar tangarɗa ce.

9. San inda ake faɗa da inda ake kamewa

A hira, a taron ofis, a saƙo tsakanin abokan aiki, a kanun labarai, duk yana zama daram. A rahoton kuɗi na shekara, ko takardar neman rance daga banki, ko wasiƙa zuwa hukumar haraji, ka ajiye shi. Rubuta "made a loss of", ko "a deficit of", ko "overdrawn by", ka bi da adadi. Waɗannan wurare lamba suke so da kalma marar harshen damo.

A jarrabawar Turanci ta IELTS, sashen magana yana ba da maki ga wanda ya iya saka irin wannan salo a inda ya dace, amma a rubutun muƙala gara ka tsaya kan "loss" da "deficit". Ko a maganar ma sau ɗaya ya isa. Cusa shi inda babu zancen kuɗi ya fi rashin faɗin sa muni.

A kula da ladabi kuma. Ka ce "we are in the red" game da shagonku, wannan bayani ne. Ka tambayi dattijo a gaban jama'a "are you in the red?", wannan tonon asiri ne, a Turanci da Hausa duka.

10. Gwada kanka

Buɗe Google, ka rubuta furucin a tsakanin alamun zance biyu, domin ya kawo maka kalmomin uku a jere ba a warwatse ba, sannan ka danna sashen labarai. Kwafi jimla biyar. A gefen kowace rubuta abu uku: wane ne ke cikin jan, wane fage ne, kuma na wane tsawon lokaci. Za ka ga wasu sakamakon kamar "in the red zone" ko "in the Red Sea". Waɗannan ba su ba ne, domin akwai wani suna bayan "red". Furucinmu a kan "red" yake tsayawa.

Daga nan ka rubuta naka biyar daga rayuwarka: ɗaya da "is", ɗaya da "into", ɗaya da "out of", ɗaya mai adadi, ɗaya da "back in the black". Ka ba wanda ya fi ka Turanci ya duba, ka roƙe shi ya fara da neman "the".

Ga tambaya irin ta jarrabawa da na shirya don gwaji: "After the fire, the factory was in the red for two years." Zaɓi: A, masu masana'antar sun yi fushi, B, tana cikin haɗarin wata gobarar, C, tana yin asara, D, an rufe ta. Zaɓin A tarkon "see red" ne. B yana wasa da ja a matsayin alamar haɗari, ga kuma gobara a jimlar tana ƙara ruɗi. D shi ne ya fi kama masu ƙoƙari, domin yana kusa da gaskiya, amma masana'antar da aka rufe ba ta da cinikin da za a lissafa har shekara biyu. Amsa C ce.